Wai dole sai mai jego ta yi ƙiba?

Uwata, na ga saƙonki. Sai da na yi dariya tukun, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai surukarki ta ce in kika gama arba'in kika koma ɗakinki ba ki yi ɓul-ɓul ba za a ce gidanmu ba a iya jego ba, har ƙanwar mijinki ta kawo miki ƙwayoyi a leda wai na buɗe ciki, shine kike tambayata ko al'ada ce dole mai jego ta yi ƙiba. Toh kafin mu je ga al'ada, ƙwayoyin nan kar ki kai su bakinki dan Allah. Sha-ka-fashe ne, yawanci deksametason ne ake haɗawa da wani mai sa yunwa da barci, fuska ta kumbura, tumbi ya fito, hannu da ƙafa su sirance, sai hawan jini da ciwon suga su biyo baya. In ma kin riga kin daɗe kina sha ki faɗa min gaskiya, kuma kar ki yanke lokaci ɗaya, shi irin wannan maganin a hankali likita ke janye wa mutum shi.

Ni haihuwata ta fari shekarar da aka kashe Murtala ce, 1976, a gida na yi goyon ciki wajen Inna mai sunanki. Tun kafin kiran assalatu an hura wuta an ɗora tukunya, ruwa na tafasa da ganyen darbejiya a ciki, tsohuwar da ke min wanka ta tsoma ganyen ta dinga fyaɗa min ina ihu tana cewa yi shiru ɗanyen jiki ne sai an gasa. Ina fitowa ga kunun kanwa a ƙwarya, ga gasasshen nama da yajin jego, ga ƙauri, da rana tuwon dawa miyar kuka man shanu na yawo a sama, da yamma a sake wanka a sake kunu. Ko tsintsiya ba a bari in ɗauka. Ranar da za a mayar da ni, zanin da na zo da shi ya ƙi zagayowa, awarwaron hannuna sai da aka sa sabulu kafin ya fita, Inna na tsaye tana murmushi dan ita aikinta ya yi kyau. Muna shiga gidan, faccaloli suka ɗau guɗa, uwar mijina ta fito ta kama damtsena ta matsa ta ce lallai an yi jego, Allah ya saka wa gidanku. Wallahi ranar na ji daɗi har cikin raina, dan a lokacin ramammiyar mai jego abin kunya ce ga iyayenta, ana ganin ko ba su da hatsi ko ba su damu da ita ba. Daga nan maganar surukarki ta samo asali, kar ki ɗauka mugunta ce, ta zamanin da yunwa ke kusa da kowa ce.

Amma kinsan me ya faru washegari? Taɓarya aka miƙo min. Gidan gandu ne, ranar girkinki ke za ki yi surfe ki yi daka ki yi niƙa a dutse, ki ja ruwa a rijiya da guga har randuna su cika, ga goyo a baya, ga shayarwa har kusan shekara biyu. Kafin yaro ya fara rarrafe zanin nan ya koma yana zagayowa har da saura. Da na je gida na yi wa Inna ƙorafin na rame sai ta ce ai ƙibar jego aro ce, turmi ke karɓar abinsa. Kakarmu kuwa kullum maganarta kowa ya ci zomo ya ci gudu, tana nufin mun ci mun kuma biya da ƙarfinmu.

Ku yanzu kun riƙe cin kun bar gudun, ban ce laifinku bane duka, zamani ne. Niƙa a inji, ruwa ɗan garuwa ya kawo, ko gidan maƙwabta za a je sai an tare adaidaita, gero da dawa an bar su an koma farar shinkafa da taliya da burodi da shayi mai kauri, ga lemon kwalba wanda guda ɗaya suga ya kai cokalin shayi 8 a ciki, sannan a kwana ana danna waya ba a yi barcin kirki ba, rashin barcin kansa yana ƙara wa mutum ci. Likitoci sun ce mace mai matsakaicin jiki kilo 11 zuwa 16 ya kamata ta ƙara a ciki gaba ɗaya, kuma abin da bai sauka ba a shekarar farko bayan haihuwa shi ke zama ya yi gida. Sai a yi kwanika, wani cikin ya shigo na baya bai tafi ba, a ɗora kan wancan, haihuwa huɗu biyar mace ta zama ba ita ba. Wasu allurar tazarar haihuwa ta wata 3 ma na ƙara musu jiki. Ranar da jinin al'ada ya ɗauke kuma kitsen duk ya tattaro ya dawo tumbi, wanda shine mafi haɗari, shiyasa suke cewa ƙugun mace in ya wuce santimita 88 a fara lura. Ga gado kuma, mu jininmu mai karɓar ƙiba ne, duba mu nan nawa ne a cikinmu ke sallah a kan kujera saboda gwiwa, nawa ke haɗiyar maganin suga kullum safiya.

Akwai wata maƙwabciyarmu da har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Tana cikin wanka ta cika ta yi fam, kowa na yaba jegon ya karɓe ta, ashe kumburi ne, ƙafa in ka danna sai yatsa ya lotsa, ba ta iya kwanciya sai a jingine tana haki. Ba ta ga arba'in ba, Allah ya jiƙanta. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU Zariya suka yi ta ganin irin wannan ciwon zuciyar a jikin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi. Mu a lokacin wa zai faɗa mana, kuma ko an faɗa wa zai iya musu da tsofaffi.

Dan haka ki ci abinci ki ƙoshi, kina shayarwa jikinki na buƙata, kunun a rage masa kanwa sosai, ki nemi wake da zogale da ƙwai, ruwan wanka mai ɗumi ya isa, ki dinga ɗan zagaya tsakar gida kar ki wuni a kwance. Surukarki kuwa kar ki kuskura ki yi ja-in-ja da ita, in ta kawo abu ki sa hannu biyu ki karɓa ki yi godiya, sauran magana ta manya ce, zan shigo in gaishe ta mu zauna. Ranar da za ki kai yaro rigakafin sati 6 ki ce su auna miki jini su ɗora ki a sikeli, ki turo min abin da suka rubuta.