Sankarar mama da ta bazu: amsoshin Likita ga masu karatu a Kumasi

Tambaya: Likita, an ce sankarar maman mahaifiyata ta kai ƙashin baya. Na ji labarin wata sabuwar allura, Enhertu. In nemo mata? Daga wata baiwar Allah a Aboabo.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. 'Yata, kafin ki taɓa ko sidi ɗaya, ki tambayi likitanta sakamakon ɗan naman da aka ciro aka gwada. Sankarar mama iri-iri ce, kowace da maganinta. Wata sinadarin mata na estrogen ke ciyar da ita. Wata tana da wani furotin mai suna HER2 da yawa, kamar mace ɗaya cikin biyar ke nan. Akwai kuma wadda ba ta da ko ɗaya, kuma wannan ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa.

Enhertu ta masu HER2 ce. An amince da ita a Amurka a 2019, a 2022 aka ƙara da masu HER2 kaɗan. Dabararta ita ce tana ɗauke da maganin kashe ƙwayar daji ta kai shi har ƙofar ƙwayar. Amma tana da tsada ƙwarai, kuma tana iya kumbura huhu. Yayarta Herceptin, wadda ake amfani da ita tun 1998, tana cikin magungunan inshorar lafiya ta ƙasar Gana, NHIS. Ku tambaya a sashen daji na asibitin Komfo Anokye. Mai karɓar Herceptin kuwa sai ana duba mata zuciya lokaci-lokaci.

Tambaya: An ba matata ƙwayoyi kawai, ba a sa mata ruwan kemo ba. Ko likitoci sun fid da rai ne? Daga wani magidanci a Asawase.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. In irin mai cin estrogen ce, ƙwaya ce ma kan gaba: letrozole ko tamoxifen. Tun 2015 ana haɗa letrozole da palbociclib, mai hana ƙwayar daji rabuwa gida biyu. Ana shan palbociclib kwana 21, a huta 7. Yana rage fararen ƙwayoyin jini, don haka gwajin jini wajibi ne, kuma da ta ji zazzaɓi a tafi asibiti a ranar, kada a ce maleriya ce a tsaya shagon magani.

Tambaya: Sababbin magungunan nan suna warkarwa ɗungurungum? Za a iya haɗa su da na gargajiya? Daga wata uwa a Sabon Zango.

Amsa: Ba zan ɓoye miki ba, Hajiya. Wadda ta bazu, riƙe ta ake yi, a rage ciwo, a ƙara wa mai ita kwanaki masu daɗi, wasu har shekaru. Addu'a kam a yi ta yi. Jiƙo kuwa, ki kawo kwalbar likita ya gani tukuna, domin wasu na wahalar da hanta, ga shi da yawan magungunan nan ta hanta suke bi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne matar da ta ajiye ƙwayarta wata shida tana shafe-shafe, ta dawo mana da gyambo.