Zancen ɗan baffanka da akushin tuwo

Auta, saƙonka ya iso. Ka ce ranar suna a unguwar Bagalam, da ɗan baffanka ya zauna cin tuwo sai mazan gida suka tsame hannu ɗaya bayan ɗaya, wai ɗan daudu ne. Kana tambaya ko al'ada ce ta hana ci da irinsa.

Ban gaji wannan wurin iyayenmu ba. Da ina budurwa, babban biki a Maraɗi da wuya ka rasa ƴan daudu a madafa. Su ke soya kaji a tasha, direbobin Jibiya da Katsina na layi. Da idona na ga wani ya ɗaura zane a ƙirji, muciya a hannu, yana tuƙi yana zuba habaici, mata na dariya har da hawaye, alhazai kuma suka suɗe kwano tas. Da yawansu suna da mata da ƴaƴa, wasu har sun sauke farali. Wasu kuma kusa da ƴan bori suke, mutanen Iya, uwar ƴan bori, wadda sarautarta ta fada ce.

Daudu, yadda muka san shi, salon magana ne da tafiya da sana'a. Abin da mutum ke yi a ɗaki zance ne daban, sai yanzu aka cakuɗa su. Malaman da suka karantar da mu haramcin wancan, su ɗin ne suka ce ba a tuhumar mutum ba shaida, ba a kuma yanke zumunci. Wa ya kama yaron nan da wani abu? Murya ce kawai da karya hannu.

Ni dai tun Nuwamban 2000 na ga gari ya sake, lokacin da zanga-zangar ƙin FIMA, bikin nunin tufafin yayi, ta kai ga ƙone mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Daga nan kowa ya shiga tsoron a gan shi da wani.

Ka lura kuma, ƙanwarka mai fatauci ana ce mata mace mai kamar maza, ta ji daɗi. Namiji ya yi kama da mata, zagi ne, har ya shafi uwarsa. Kishiya na yi mata gori, masu neman ƴaƴanta mata suna ja da baya, shi kuma ya ɗauke ƙafa don kada ya ƙara mata.

Juma'a zan dama fura. In an sauko masallaci ka ɗauko shi a kabu-kabu ku zo, ludayi biyu zan ajiye.