Amsa: Na daina jin alamun saukar sukari, za su dawo?

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce a da in sukarin jininki ya sauka jiki kan ɗauki rawa, gumi ya karyo miki, gaba ya riƙa faɗuwa, yanzu kuwa sai na'urar gwaji ta nuna 50 ba ki ji komai ba. Ga mutane da yawa alamun suna dawowa.

Waɗannan alamu aikin sinadarin adirenalin ne, wanda jiki ke saki idan sukari ya yi ƙasa da wajen 70 mg/dL. In saukar ta yawaita, musamman cikin barci da ba ki ma sani ba, ƙwaƙwalwa takan saba, sai gargaɗin ya makara har ruɗewa ta riga shi zuwa. Nan haɗarin yake. An fi ganin haka ga waɗanda suka daɗe suna allurar insulin, don haka kada ki zargi kanki.

Abin da ke dawo da alamun shi ne ki kauce wa saukar gaba ɗaya na mako 2 zuwa 3, wani lokaci fiye da haka. Ki ga likitanki da wuri ya ɗan ɗaga matakin sukarin da kike nema, ya gyara allurar. Kada ki rage da kanki. In kina shan magani irin su propranolol, na hawan jini da zuciya, ki faɗa masa, don yana ɓoye bugun zuciyar.

Kafin nan ki yawaita gwaji, musamman kafin barci da kafin tuƙi. Da kin ga ƙasa da 70, ki sha giram 15 na sukari ko da garau kike ji, ki sake gwadawa bayan minti 15. Mutanen gida kuma su koyi amfani da glucagon, maganin gaggawa mai ɗaga sukarin jini, saboda in kin suma ba a ɗura miki komai a baki.