Mai ƙara ya yafe, kotu ba ta sallama ba: amsa ga mai shirin zuwa karatu Indiya

Ƙanena, na ga saƙonka cewa ka samu gurbin karatu a wata jami'a da ke Greater Noida, Allah ya sa albarka. Ba zan tsaya kan tambayoyinka na ɗakin kwana da abinci da zafin watan Mayu ba, domin waɗannan kana sauka za ka koye su. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne maganar da ka ce Baba ya yi, wai ko da rigima ta haɗa ka da wani har ta kai ga 'yan sanda, tunda ina nan sai in shiga tsakani, a ba da haƙuri, mai ƙara ya janye, magana ta mutu. Ina girmama Baba ƙwarai, amma wannan lissafin gida ne, kuma na ga yadda ya jefa 'ya'yan mutane cikin wahala a ƙasar nan.

A Indiya shari'ar laifi tana farawa ne da takardar da 'yan sanda ke rubutawa a caji ofis, wadda kowa ke kira FIR. Sunan ba baƙo ba ne a wurinmu, domin kotunan majistare na Arewa ma da shi suke aiki, kasancewar kundin laifuffukanmu ya samo asali ne daga na Indiya na 1860 ta hanyar Sudan. Sai dai mun saba a gida dattawa su je wurin DPO a kashe magana kafin ta yi nisa. A nan kuwa, tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Lalita Kumari a 2013, wajibi ne ɗan sanda ya rubuta FIR idan ƙorafin ya nuna babban laifi, kuma da zarar ya rubuta, bakin alƙalami ya bushe. Ba shi da ikon yage ta, iyakarsa ya yi bincike ya kai wa majistare rahoto. Daga nan gwamnatin jiha ce ke ƙarar ka, wanda ya kai ƙorafin kuma ya koma shaida kawai, don haka yafewarsa ba ta rufe fayil.

Doka ta bar ƙofar sulhu ga wasu laifuffuka da ta lissafa a sashe na 320 na tsohuwar dokar tafiyar da shari'a ta 1973, wanda ya koma sashe na 359 a sabuwar dokar BNSS da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2024. Ƙaramin duka da ɓata suna ana iya sulhunta su kai tsaye, zamba cikin aminci da mummunan rauni kuwa sai da izinin kotu. Duk laifin da ba ya cikin wannan jadawali, majistare ba zai karɓi sulhu a kansa ba ko da mai ƙara ya zo yana kuka yana roƙo. Hanyar da aka saba bi ita ce a nemi Babbar Kotun jiha ta soke shari'ar da ikonta na musamman, wanda a da yake sashe na 482, yanzu kuma na 528. A shari'ar B.S. Joshi ta 2003 Kotun Ƙoli ta amince a yi amfani da wannan iko a rikicin ma'aurata da suka daidaita, sannan a shari'ar Gian Singh ta 2012 ta shimfiɗa ƙa'idar da ake bi har yau: ana iya soke shari'ar da asalinta rikicin kuɗi ne ko kasuwanci ko iyali, idan an sasanta kuma da wuya a samu hukunci, amma kisa da fyaɗe da fashi da cin hancin ma'aikatan gwamnati laifuffuka ne a kan al'umma, ba wanda zai yafe su a madadinta. Ka lura da kalmar "ana iya". Alƙali yana da damar ya ƙi, kuma a shari'ar Laxmi Narayan ta 2019 an umarce shi ya duba irin makamin da aka yi amfani da shi, da inda raunin yake a jiki, da tarihin wanda ake tuhuma.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wani ɗalibi ɗan ƙasarmu ya yi sa'insa da ɗan mai gidan da yake haya a kan kuɗin ajiyar da aka ƙi mayar masa, aka kai ga dambe, kwalba ta fashe ta yanki ɗan mai gidan a hannu. Ɗinki kaɗan aka yi masa, amma saboda kwalbar nan 'yan sanda suka rubuta sashen jikkata mutum da makami mai haɗari, wanda ba ya cikin jadawalin sulhu. Ni na yi ta zirga-zirga har mai gidan ya sauko, iyayen ɗalibin suka turo kuɗin magani da na ban haƙuri, aka rubuta takardar sulhu, wadda a nan suke kira rajinama, kowa ya sa hannu, aka sha shayi. A gida aka yi ta murna an gama, alhali a ranar ce aikin ya fara.

Greater Noida tana jikin Delhi, amma a jihar Uttar Pradesh take, saboda haka Babbar Kotunta ita ce ta Allahabad da ke birnin Prayagraj, tafiyar fiye da kilomita 600, kwana guda a jirgin ƙasa. Sai da aka ɗauki wani lauya a can, aka shigar da takardun rantsuwa, kotun ta mayar da takardar sulhun zuwa kotun ƙasa domin a tantance cewa mai ƙara da kansa ya sa hannu ba tilasta shi aka yi ba. Ranar da aka sa, mai ƙara ya tafi bikin 'yan uwansa, domin shi ya riga ya karɓi kuɗinsa, ba abin da ke cinsa. Aka ɗage. Wata ranar alƙali ba ya nan, aka sake ɗagewa. A duk tsawon wannan lokaci fasfon ɗalibin yana hannun kotu a matsayin sharaɗin beli, bizarsa ta karatu ta kusa ƙarewa, ofishin rajistar baƙi na FRRO kuma ba ya ba mutum izinin fita ƙasa alhali yana da shari'a a kansa. An soke shari'ar daga ƙarshe, bayan ya haura shekara, ya rasa zangon karatu, mahaifiyarsa ta yi jinya ta warke bai gan ta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar da ta dawo mini daga gida, wai tunda an biya kuma mai ƙara ya yafe, me ya hana yaro zuwa Sallah in ba dai kuɗin bai isa inda aka aike shi ba. Na yi shekaru a ƙasar nan, na gama digirina da gumina, ina aikina, sunana bai taɓa shiga littafin wani caji ofis ba, amma ladan da na samu ke nan. Ban ce komai ba, na tura musu hoton kowane rasidi da kowace takardar kotu.

Wannan ma shari'ar da ke da mai yafewa ce. Idan aka kama ka da ƙwaya ƙarƙashin dokar NDPS ta 1985, ko da jakar abokin ɗakinka ce, babu mai ƙarar da za a je a ba haƙuri, kuma idan yawanta ya kai mizanin fatauci, sashe na 37 ya sa samun beli kansa ya zama jan aiki. Haka batun yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba: dokar POCSO ta 2012, mai hukunta lalata da yara, ba ta san amincewarta ba, kuma a 2024 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin wata Babbar Kotu da ta soke irin wannan shari'a saboda an sasanta da mahaifin yarinyar. Zama bayan ƙarewar biza ma tsakaninka da gwamnati ne.

Ka kuma san cewa wata rana kai ne za ka iya zama wanda aka zalunta. A watan Maris na 2017 gungun mutane sun lakaɗa wa ɗaliban Najeriya duka a wata babbar kasuwar zamani kusa da Pari Chowk, a garin nan da za ka zauna, bayan jita-jitar da ta biyo mutuwar wani matashi ɗan unguwa. Idan irin haka ta same ka, Allah ya kiyaye, za a zo maka da lallami da takarda a ce ka sa hannu a wuce wurin. Kada ka sa hannu a kan abin da aka rubuta da Hindi sai lauyan da kai ka zaɓa ya karanta maka, domin wannan takardar ce za su ɗauka su kai Babbar Kotu.

Kuɗin ajiyar haya ka biya ta banki, yarjejeniya ta kasance a rubuce, idan mai gida ya ƙi mayarwa ka kai wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku, kada ka ɗaga wa kowa hannu. Zan tarye ka a filin jirgi, zan kuma ba ka lambar lauyan da na yarda da shi. Tsaya wa mutum beli kuwa, kotunan nan sukan nemi mazaunin wurin mai takardun kadara ko ajiyar banki da za su gamsu da su, ni kuma baƙo ne mai biza kamarka. Ka turo mini ranar saukarka da lambar jirgin.