Bizar Koyon Sana'a a Jamus: In Biya Dillali?

Tambaya: Yaya, walda nake koya a Panteka. Wani ya ce in kawo kuɗi ya samo mini bizar koyon sana'a a Jamus. In ba shi? Daga ƙaninki, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka. A tsarinsu na koyon sana'a da suke kira Ausbildung, kamfani ne zai fara ɗaukarka, ku rattaba hannu kan yarjejeniya, da ita za ka nemi biza a ofishin jakadanci. Horon shekara 2 ne zuwa 3 da rabi, kana aiki kana makaranta, ana biyanka duk wata.

Wuyar tana ga harshe. Galibi sai da Jamusanci matakin B1, wato matsakaicin mataki na iya harshen, domin da shi maigidanka zai ce maka kashe injin. Kuɗin dillalin nan, zuba su a darasi da jarrabawar cibiyar Goethe mai koyar da Jamusanci.