Amsa kan kuɗin ƙungiyoyin matasan 'yan ra'ayin riƙau a Amurka

Assalamu alaikum jama'ar gida. Malam, na saurari muryar da ka turo, inda kake tambaya ko gaskiya ne Yahudawa ne ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyin matasa masu ra'ayin riƙau a Amurka, irin ta marigayi Charlie Kirk, ɗan gwagwarmayar siyasar riƙau. To, bari in ɗan yi bayani, amma a yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ita ƙungiyar tasa, Turning Point USA, a 2012 aka kafa ta, Kirk yana ɗan shekara 18. Cikin waɗanda suka fara ba shi kuɗi akwai Foster Friess, attajiri ne Kirista mai riƙo da addini sosai. Daga baya kuɗi suka riƙa shigowa daga gidauniyar iyalan Richard Uihlein, da asusun Bradley, da wani asusu da ake kira DonorsTrust. Shi wannan na ƙarshen, ka ga, mutum zai zuba kuɗinsa a ciki, asusun ya miƙa wa ƙungiya, sunansa bai fito ba. Dokar Amurka ma ba ta tilasta wa irin waɗannan ƙungiyoyi su bayyana wa jama'a sunayen masu ba su kuɗi ba. Shi ya sa duk wanda ya ce maka yana da cikakken lissafin, ka tambaye shi a ina ya samo.

Akwai Yahudawa a ciki? Ƙwarai kuwa. Bernie Marcus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Home Depot, gidauniyarsa ta ba su kuɗi. Sheldon Adelson, mai gidajen cacar Las Vegas, ya rasu a 2021, shi da matarsa Miriam sun zuba wa jam'iyyar Republican maƙudan kuɗi, kuma a 2015 ya kafa wata ƙungiya don yaƙar masu kiran a ƙaurace wa Isra'ila a jami'o'i. Ba a ɓoye suka yi ba. Kuma na yarda irin wannan kuɗin yana zuwa da sharaɗi. Bayan an harbe Kirk a wata jami'a a jihar Utah ranar 10 ga Satumba 2025, wani saƙonsa ya fito inda yake ƙorafin ya rasa wani babban mai ba da gudummawa Bayahude saboda ya ƙi daina gayyatar Tucker Carlson, ɗan jaridar nan mai sukar Isra'ila, zuwa tarukan ƙungiyar, kuma kakakin ƙungiyar ya ce saƙon na gaske ne. In baki ya ci, ai dole ido ya ji kunya. Sai dai ka lura, a nan kuɗin aka janye, shi kuma bai janye gayyatar ba.

Inda ban yarda da kai ba, Malam, shi ne yi musu kuɗin goro. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kusan bakwai cikin goma na Yahudawan Amurka suna tare da jam'iyyar Democrat ne. Masu tsananin riƙo da addini a cikinsu ne suka fi karkata ga Republican. George Soros ma Bayahude ne, kuma ɗaya ɓangaren yake ba kuɗi, su 'yan riƙau ba su da wanda suke zagi kamarsa. To da wanne za mu ɗauka a matsayin "Yahudawa"?

Wani abin da zai ba ka mamaki. PragerU, masu gajerun bidiyon nan na matasa, Dennis Prager na cikin waɗanda suka kafa ta, Bayahude. Kafar labarai ta Daily Wire kuma Ben Shapiro, shi ma Bayahude, na cikin masu ita. Amma kaso mai yawa na kuɗin farko na duka biyun daga iyalan Wilks na Texas ya fito, Kiristoci da suka yi arziki a harkar haƙar mai da iskar gas. Goyon bayan Isra'ila a wannan ɓangaren, ƙarfinsa a hannun Kiristocin nan yake, duba ƙungiyar fasto John Hagee da ya kafa a 2006, mambobinta miliyoyi ne.

Batun kisan kuwa, wanda ake tuhuma a kotu wani matashi ne ɗan jihar Utah ɗin. Bidiyon da aka turo mana jiya mai ɗora wa Yahudawa laifin, babu hujja ko ɗaya a cikinsa, don Allah kada a ci gaba da yaɗa shi. Wanda ke da gyara ya turo, ina saurare bayan la'asar.