Banjo mai tsirkiya biyar a kayan gwanjo: in saya?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga banjo, abin kiɗan nan mai tsirkiya, cikin kayan gwanjo a Babbar Kasuwar Katsina, tsirkiya ɗaya ta fi sauran gajarta, kana tsoron ko karyewa ya yi aka gyara. Kwantar da hankalinka, haka ake ƙera shi. Wannan ta biyar ɗin ba daga kai take farawa ba, sai an ɗan gangaro kan wuyan, da maɗaurinta a gefe. Babban yatsa ke bugunta, tana maimaita amo ɗaya siriri yayin da sauran huɗun ke ɗauke da waƙar. Nan daɗinsa yake.

Ni abin da ya sa nake ƙaunarsa, jininmu ne. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa Karebiyan da Amurka su suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata, kamar dai gurmi. Akonting, abin kiɗa mai tsirkiya na Jolawan Senegal da Gambiya, shi ma yana da irin wannan gajeriyar tsirkiyar. Yanzu fuskar roba ake sa wa banjo a maimakon fata, faɗinta galibi inci 11.

Kafin ka biya, ɗaga shi ka hango wuyan daga kai zuwa gindi. In ya lanƙwashe, bar shi, don hunturunmu zai ƙara busar da katakon. Duba ƙugiyoyin da ke ɗaure fuskar ko tsatsa ta ci su. Ɗan katakon da tsirkiyoyin ke hawa kansa kuwa, in ka ga yana motsi kada ka damu, dama ba a manne shi. Tsirkiyoyi sababbi wataƙila sai ka yi odarsu ta intanet, ka sa kuɗinsu cikin cinikin.